GARGAƊI: mai tallan Golf GTI a titin Kubwa ya cinye min N8,700,000

Salamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke tallan ƙananan motocin gudu a Facebook da Instagram, su Golf GTI da Ford Focus ST, yana cewa da kansa yake shigo da su daga Amurka, kuma wai filinsa yana bakin titin Kubwa a Abuja. Ba shi da fili. Ko rumfa ba shi da ita. Ni N8,700,000 ya karɓa a hannuna, miliyan takwas da dubu ɗari bakwai, ya miƙo min motar da ta sha ruwa har wuya, haɗe da takardun kwastan na wata mota daban. Jiya da dare aka turo min sabon shafinsa. Ya canza suna, ya saka wata GTI fara, da kalaman da ya tallata tawa da su, ko harafi ɗaya bai sauya ba. Shi ya sa barci ya gagare ni na tashi na zauna rubutu.

Kafin wani ya fara min "kai ma me ya kai ka", ku tsaya. Ni ba baƙon mota ba ne. Golf 3 ta tsufa a hannuna, na yi Golf 4, babu layin kayan gyaran da ban sani ba a Dilimi, nan garinmu Jos, kuma a garejin kanikawa na Farin Gada da sunana ake kirana. GTI kuwa tun ina saurayi nake mafarkinta, na karanta ta kamar zan rubuta jarrabawa. Na san wadda nake nema: Mk6, wato Golf 6, ƙirar 2012, inji lita 2 mai turbo, ƙarfin doki 200 a ta Amurka, giyar otomatik da ake kira DSG mai hawa shida da kulochi biyu. Na san man giyar nan duk kilomita 60,000 ake juye shi. Na san ciwon injin, wato abin da ke ɗaure sarƙar taimin, idan ya saki sarƙa ta tsallake haƙori sai bawul ya haɗu da fistin, shi ke nan inji ya tafi. Duk na tambaye shi. Kafin in rufe baki ya amsa, har da ƙari. Mutum ya san motar nan fiye da yadda na san ta, to ta ina zan ce ɓarawo ne?

Ga abin da ya hana ni sukuni, kuma shi nake ta maimaitawa a raina. Muna tsaye ina zagaya motar, ja ce, jan layin nan na gaban hanci yana sheƙi, kujerun nan masu zanen ɗaki-ɗaki ko tabo babu, salansa biyu, ɗaya kowane gefe. Ban ga komai ba, wallahi ban ga komai ba. Sai shi da kansa ya kama hannun rigata ya durƙusa ya ce, "Ɗan'uwa zo ka ga wani abu." Ya nuna min wani ɗan ƙarzo a ƙasan bambar baya, wanda ko shekara zan yi ba zan lura da shi ba. Ya ce, "Nan an taɓa fenti. Ni ba na ɓoye aibi, gobe ƙiyama ba zan iya ba." Sannan ya buɗe ƙofar baya ya nuna min maɓallin gilashi, ya ce wani lokacin sai an danna sau biyu, saboda haka zai rage min dubu 50 ba tare da na roƙa ba. Ƙarzon bamba. Maɓallin gilashi. Da waɗannan biyun ya saye ni. Wanda ya durƙusa a ƙasa da farar shadda don ya nuna maka aibin kayansa, me kuma za ka tuhume shi da shi? Ku gaya min. "Ni ba na ɓoye aibi." Har yanzu muryar tana kunnena.

Ana kiran La'asar ya ajiye min makulli a tafin hannu ya ce, "Riƙe, bari in yi sallah, ku zaga da ita yadda kuke so." Ko sisin cikon kuɗin ban ba shi ba a lokacin. Ya bar mu da mota ya tafi.

A'a, bari in koma baya, na tsallake kafin alƙalami. Tun ina Jos muka fara magana ta WhatsApp. N9,500,000 ya sa, muka yi ta ja har muka tsaya a N8,750,000, dubu 50 ɗin gilashi ce ta mayar da shi N8,700,000. Da ya ji daga Jos nake sai ya juya harshe, ya ce ai shi ma ɗan gida ne, a Gangare ya tashi, ya lissafo min masu shayi da layukan Terminus yadda suke kafin babbar kasuwa ta ƙone a 2002. Ya yi min kiran bidiyo, ya tayar da motar, ya nuna min lambar chasis a jikin gilashin gaba. Sai ya ce wani yaron Maitama yana zuwa da kuɗi hannu, idan da gaske nake in sa wani abu ya riƙe min. Na tura N1,500,000. Sunan asusun ba nasa ba ne, na gani, kuma na tambaya, ya ce na uwargidansa ne, nasa ya kai iyakar abin da yake karɓa. Wa bai taɓa tura kuɗi asusun matar wani ko na yaron shago ba a ƙasar nan? Kuma da na je Abuja ai na tarar da mota, ba iska na tarar ba. Da ɗan 419 ne irin wanda muka sani, da ya kashe waya tun a kan miliyan ɗaya da rabi.

Kuma ba ni kaɗai na je ba. Da bakanikena na tafi, na biya masa mota da abinci da na aikinsa. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar baƙin mai, ya leƙa lagireto, ya shiga ƙarƙashi. Muka sa kwamfuta, ba ta nuna laifi ko ɗaya ba. Muka hau titi daga wajen Gwarinpa muka miƙa Dutse, na taka ta. Jama'a, duk wanda bai taɓa tuƙa GTI ba ba zai gane ba. Ka taɓa totur kaɗan ta manne ka da kujera, giya na shiga ba ka ma jin tsayawa, sai dai wannan 'yar "fut" da salansa ke yi tsakanin giya da giya. Sitiyari a hannu kamar ta san inda za ka kafin ka juya. Bakanikena yana gefe yana dariya yana cewa "Oga, wannan ba Golf ba ce, aljana ce." Muka dawo, na tura N7,200,000. Miliyan ɗaya da rabi, da miliyan bakwai da dubu ɗari biyu. N8,700,000. Kuɗin filina na Rikkos ke nan da na sayar, da abin da na tara, da N900,000 da Yaya ya ranta min yana cewa anya kuwa.

Abin da na gano daga baya shi ne motar da zafinta muka same ta. Ya ce wanki aka kai ta. Ashe dole ne ya ɗumama ta kafin mu iso, don sarƙar nan da sanyin inji take ƙara. Washegarin da aka kawo ta Jos, da sanyin asuba irin namu, ina murza makulli na ji kar-kar-kar na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta daidaita. Na san wannan ƙarar, na karanta ta. Cikina ya ɗuri ruwa.

Na ce "aka kawo ta" don ba da ƙafarta ta shigo Jos ba. Daga Nyanya zuwa Keffi lafiya lau. Akwanga lafiya, sai dai ramuka, don tayoyin inci 18 masu siririn gefe ba a yi su don hanyarmu ba, kowane rami sai na ji shi a haƙorina. Mun wuce Forest mun fara Hawan Kibo, wurin da tun daga Abuja nake ɗokin in ga yadda za ta cinye shi, sai haruffan PRNDS, masu nuna giyar da ake ciki, suka fara ƙyaftawa a dashbod. Na taka, inji na ihu, mota ba ta tafiya. Giya ta saki a tsakiyar hawa, ga tirela a bayanmu tana hon. Da ƙyar na gangara gefe. Ina tsaye da makulli a hannu wata tsohuwar Golf 3 ta haya ta wuce mu, fasinja biyu a gaba, buhunan dankali a but, direban ya leƙo ya ce "Sannu Alhaji!" N180,000 mai jan mota ya karɓa zuwa Farin Gada.

Tun daga kan hawan na kira shi. Ya ɗauka! Ya yi salati, ya ce wallahi ƙila zafi ta ɗauka, in bar ta ta huce, ko me aka kashe shi zai biya. Ya yi ta ɗaukar wayata na ɗan lokaci, yau jana'iza, gobe yana tashar jirgin ruwa a Legas. Daga nan shiru. Ya toshe ni ko'ina.

Mai wayarin ne ya tona asirin. Ya kwance kujerar direba ya ɗaga kafet, sai ga busasshiyar laka, fara-fara, a kwance a ƙasa. Ƙarfen da kujera ke gudu a kai duk tsatsa, an shafe shi da giris. Soket ɗin wayoyi ya zare ya nuna min, bakinsu ya yi kore shar. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ga layin inda ruwa ya tsaya. Ramin safaya taya ma laka. Yanzu na gane dalilin turaren da aka turara motar da shi, ni da na ɗauka tsabta ce irin ta mutumin kirki. Fitilar gargaɗin inji kuwa baƙin salatif aka liƙa mata ta ciki. Kwamfutar da muka sa ba ƙarya ta yi ba, goge laifukan aka yi kafin mu iso, kuma sai mota ta yi tafiya suke dawowa. Da aka sake sawa a Jos shafi guda bai ɗauke su ba. Ƙwaƙwalwar giya ta tafi. To bakanike mai shekaru a sana'a bai gani ba, kwamfuta ba ta gani ba, ni ne zan gani?

Ƙanina ne ya kwafi lambar chasis, harufa da lambobi 17 ɗin nan, ya sa a Google. Sai ga motata a filin gwanjo a Amurka, an rubuta ambaliya ce ta cinye ta, tagogi sun yi gumi daga ciki. Mil 164,000 a hoton dashbod ɗinta na can. Ni 78,000 na gani. Kuma a hoton ga ƙarzon bambar nan, ƙarzon da ya durƙusa ya nuna min. Gaskiya ɗaya tak ya faɗa min, kuma da ita ya yanka ni.

Takardun kwastan, wani abokina mai fiton kaya ya duba min lambarsu, wata mota aka biya wa diyuti da ita, ba ma Volkswagen ba. Ta kan iyakar ƙasa aka shigo da tawa ke nan, alhali tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta ƙasa. Ko na gyara ta, duk ranar da na fita da ita daga gari a hannun Allah nake.

Na koma filin. Masu wurin suka ce ba su san shi ba, kuɗin ajiya kawai yake biya ya kafa mota a bakin shinge, yana zama a bencinsu yana shan shayi da yaransu. Ni kuma na gan shi yana aiken yaran wurin su sayo min lemo! Yana ce musu "kai, kawo wa baƙona kujera". Wa zai ce ba mai gida ba ne? Na kai ƙara, na rubuta wa banki, ana kan bincike, ba zan ce komai a kan wannan ba tukuna.

Maman yara ba ta ce min uffan ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Yaya ya zo gareji ya kalli motar an tuɓe mata kujeru, ya ce "Allah ya mayar da alheri," ya juya. Abokan da na tura wa hotonta tun ina Abuja suna ta tambaya yaushe za a wanke mota. N8,700,000, ga N180,000 na ja, ga kuɗin ƙwaƙwalwar giya da na sarƙa da ba ma na son jin lissafinsu.

Ku da ke neman irinta: ku sa lambar chasis a Google kafin ku tura ko sisi. Ku ce sai ta kwana ku tayar da ita da kanku da safe. Ku ɗaga kafet. Ku duba takardun kwastan a ofishinsu. Ku tambayi mai fili ko ya san mutumin.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin tiransifa biyun, saƙon muryar da yake rantsuwa, hoton gwanjon da na lakar, duk suna nan. Lauyana ya ce in dakata da sunan da lambar asusun, amma sauran zan saka su anjima da daddare idan na rufe abin da ya kamata a rufe. Akwai mutum biyu da suka yi min magana, ɗaya daga Kaduna, ɗaya daga Lafiya, shi na Lafiyan Focus ST aka sayar masa, kuma da na tambaye shi ko an nuna masa wani ƙaramin aibi kafin ya biya sai ya yi shiru, ya ce madubin gefe. Idan kai ma ya taɓa ka, ko ka riga ka tura kafin alƙalami a kan farar GTI ɗin nan, ka turo min saƙo yau, lauyan yana haɗa sunaye.