Ɗanyen fure ko fulawar roba a teburin Sallah

Ƙanwata, tsakanin ɗanyen fure da fulawar roba, don teburin Sallah da abin da za ki riƙa wa surukarki, ki sayi ɗanye. Na faɗa miki tun da wuri don kada ki gaji da dogon bayanina ki tafi ba amsa.

Ta robar ina da ita, tana sito cikin leda. Riyal 280 na zuba mata a nan Jidda. Sallar farko an yaba, kafin ta biyu ƙura da hayaƙin turaren wuta sun mayar da farinta kamar tsohon ɗankwali, na wanke, gam ɗin ya saki. Alherinta ɗaya ne, ba ta yanƙwanewa.

A Ƙaramar Sallar 2024, wadda ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, muka yi dace lokacin wardin Ɗa'ifa bai wuce ba. Ranar jajibere bayan sallar Asuba maigida ya ɗauke mu muka hau ta hanyar Hada, wannan mai kwana-kwana da ke sa yara amai. Garin Ɗa'ifa yana kan tsauni, tsayinsa wajen mita 1,800 sama da matakin teku, shi ya sa furen ke yi a can ba ya yi a Jidda. Mun tarar masu tsinka sun kusa tashi, don da sassafe ake tsinke shi kafin rana ta kwashe ƙamshin. Ba a kara ake sayar da shi ba, kawunan furen ne kawai a jaka, ruwan hoda, masu laushi kamar kunnen jariri. Na kawo gida na naɗe a jiƙaƙƙen tawul na sa a firji. Da safen Sallah na ɗauko tiren tagullar da na zo da shi daga Kano, na ajiye kwanon tangaran da ruwa a tsakiya, na watsa wardin yana yawo a kai, na kewaye bakin tiren da zaren ful, wani ƙaramin farin fure mai ƙamshi, dabino da kofunan gahawa a gefe. Rabin kuma na zuba a ƙaramin kwando na kai wa surukata a Makka.

Tsohuwa idonta ya yi rauni, ba ta gane fuska sai an yi magana. Ina durƙusawa gaisuwa, ban ma buɗe kwandon ba, ta ce, "Wa ya je Ɗa'ifa?" Ta cusa hannu ciki tana murzawa tana shinshinawa, ta shiga ba mu labarin zamanin da mahaifinta ke kai su can shan iska in zafin Makka ya tsananta. Har La'asar kwandon na kan cinyarta. Da ya bushe ta shanya shi a inuwa tana jefawa a shayi. To ki gaya mini, da robar na kai mata, me za ta yi da ita? Wardin nan fa shi ne wanda ake haɗa turarensa da ruwan Zamzam a wankin Ka'aba. Ba tsohuwar da ta girma a ƙasar nan da ba ta san ƙamshinsa ba.

Sai dai kada in yi miki rufa-rufa, ɗanyen ma iri biyu ne, kowanne da aibinsa. Na gida, wato wardin Ɗa'ifa da ful ɗin da ake kawowa daga Jizan, ƙamshi ke gare su amma ba su da rai. Wuni ɗaya ne, in kin yi sa'a ya kai wuni biyu. Wardin kuma lokacinsa makonni ne kaɗan tsakanin Maris da Afrilu, Sallah ko tana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka ba kullum za su haɗu ba. Na shago mai dogon kara, wanda ake shigowa da shi ta jirgi daga Kenya da Habasha da Holan, zai yi miki mako guda in kin kula da shi, amma yawancinsa ki sa hanci ba za ki ji komai ba. Ni haɗa su nake yi: na shago don ido, ful don hanci. Ful ki saye shi yana dunƙule fari fat, da yamma zai buɗe da kansa. Kada ki yawaita taɓa shi, duk inda yatsa ya matsa sai ya yi ja.

In kuɗin ya yi miki kaɗan, ki ce a ba ki karanful. Ba kanumfarin girki ba, furen da masu shago ke kira haka, mai baki kamar an yanka da almakashin zigizag. Ya fi wardi arha kuma yana iya kai mako biyu. Mutane na raina shi, ni ban ga dalili ba.

Haɗawar ba wuya. Kina isa gida ki yanke ƙasan kowane kara a karkace da wuƙa mai kaifi, ki cire duk ganyen da zai shiga ruwa, don shi ke ruɓewa ya sa ruwan wari. A lita ɗaya ki sa ƙaramin cokali na sukari da ɗigo biyu ko uku na Clorox, wato bilic, ki riƙa canja ruwan bayan kwana biyu kina ƙara yanke ƙasan kaɗan. Kada ki yi shi dogo. Ki dafa gwiwar hannunki a tebur, in furen ya wuce wuyan hannunki tsawo to baƙi za su riƙa leƙen juna ta gefe. In a ƙasa kuke shimfiɗa sufura, wato shimfiɗar cin abinci, kamar mu, tire da kwano sun fi kwalba, yaro ba zai ture ba.

Abin da ya fi kashe fure a gidajenmu ranar Sallah ba ma zafi ba ne. Mukan jera shi kusa da kwanon ayaba da tuffa don kyau, alhali 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska da ke tsofar da fure da wuri, karanful ma ya fi jin ta. Ga kaskon turaren wuta a gefe, hayaƙin ma haka yake yi masa. Ga mukayyaf, wato na'urar sanyaya ɗaki, na hura shi kai tsaye yana busar da shi. Ki raba shi da ukun nan. Kuma kada ki bar shi a mota ki ce bari in shiga in sayo kaza, minti goma a ranar Jidda ta ishe shi.

Na surukarki ki sa a haɗa miki a kwali ko kwando mai koren soson nan da ake jiƙawa a soka fure a ciki, don kada ki ba tsohuwa aikin neman kwalba gida cike da baƙi. In ke za ki haɗa, ki ɗora soson a kan ruwa ki bar shi ya nutse da kansa. Kika danna shi, waje zai jiƙe ciki a bushe, furen ya mutu da ƙishi. Lili, mai babban baki da jan gari a tsakiya, ki bar musu: garin in ya taɓa farar jallabiya da wuya ya fita, kuma guba ne ga kyanwa. Wardin shago kuma kada kowa ya sa a shayi, an fesa masa magani.

Ba ki tambaya ba, amma daren Sallah wasu masu shagon ba sa jin tsoron Allah. Wardin da ya kwana biyu sai su ɓare ganyen wajen da ya yi baƙi, ya koma kamar sabon toho. Ki matsa gindin kan furen da yatsu biyu: sabo za ki ji shi da tauri, tsoho lagwab. Ki ɗaga karan ki duba ƙasa, in ya yi baƙi ko santsi ki ajiye. Wanda aka yi wa feshin ƙyalƙyali ko fenti, sau da yawa tsufa ake ɓoyewa, shuɗin wardi kuwa rini ne. Wani zai fesa turare a takardar naɗi ya ce miki ƙamshin furen ne. Wani zai cika miki takarda da ribon, ki je gida ki kwance ki ga kara bakwai. Kada ki karɓi wanda aka riga aka naɗe aka jera a bakin ƙofa. Ki ce a buɗe firji ki zaɓa da hannunki, a ƙirga a gabanki, ku gama ciniki kafin ya sa almakashi. Ni an taɓa yi mini, na kai wa maƙwabciya, washegari duk sun sunkuyar da kai, kunya kamar in nutse. Masu tura hoto a Instagram kuma ki ce su ɗauko miki naki bayan an haɗa, kafin ki tura kuɗi.

Na shago ki saya saura kwana biyu, kafin cunkoso da tashin farashi, ki ajiye a ɗaki mai sanyi. Ful ki bari sai jajibere. In kuma har yanzu ranki na kan roba, kada ki kashe ko riyal ɗaya, ki aiko yaro ya karɓi tawa.