Ciwon Sukari: Mai Inshorar Lafiya Da Mai Biya Daga Aljihu

Ciwon sukari cuta ce da ake zama da ita har tsawon rai, don haka wanda zai biya kuɗin magani wata bayan wata babban lamari ne.

Mai biya daga aljihu yakan je asibiti ne sai jiki ya matsa. Idan magani ya kusa ƙarewa, sai ya raba ƙwaya biyu ko ya rage insulin don ya kai ƙarshen wata. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku, shi ake fara jinginewa. Duba ido da ƙoda da ƙafa kuwa sai abu ya ɓaci, alhali sukari kan yi shekaru yana ɓarna a ɓoye. Wannan ne ya fi damuna.

Mai inshora yana ganin likita kan lokaci, maganinsa ba ya yawan yankewa. Sai dai kati kaɗai ba ya sauke sukari. A 2008 jihar Oregon ta Amurka ta raba guraben Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ta hanyar ƙuri'a. Binciken da ya fito a 2013 ya nuna cewa a cikin waɗanda suka samu inshorar an ƙara gano masu ciwon, shan magani ya ƙaru, amma cikin kimanin shekara biyu HbA1c bai yi wani sauyin a zo a gani ba.

Duk da haka ina bayan inshora, muddin ta ɗauki nauyin insulin, da tsinken gwaji, da duba ido duk shekara. A tambayi wannan tun kafin a sa hannu.