Aikin bayan Baba ya yi kyau, sallamar ce ta cuce mu

Wannan sharhi a kan wani asibitin kuɗi ne da ke Abuja, inda aka yi wa mahaifinmu tiyatar ƙashin baya wata huɗu da suka wuce. Ba zan kama suna ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tsoho daga Birnin Kebbi zuwa aikin baya ya san irin waɗannan asibitoci, ya kuma san abin da suke karɓa.

Matsalar Baba a gaɓa ta huɗu da ta biyar take, a ƙasan baya, wadda likitoci ke rubutawa L4/L5. Hoton MRI ya nuna hanyar jijiyoyi ta tsuke, ƙashi ɗaya kuma ya ɗan zame gaba a kan ɗan'uwansa. Shi ya sa in ya tako daga zaure zuwa masallacin unguwa ƙafafun ke yin nauyi da zugi har sai ya nemi dakali. An cire ɓangaren ƙashin da ke danne jijiyoyin, aka sa kusoshi 4 da sanduna 2 na ƙarfe, aka jera gutsattsarin ƙashinsa a gefe don gaɓoɓin biyu su haɗe. A kan wannan ba ni da ƙorafi. Likitan ya san aikinsa, Allah ya saka masa da alheri. Zugin da ya yi shekaru yana sauka daga ɗuwawu zuwa sha-raɓa, washegari Baba da bakinsa ya ce babu shi.

Abin da ba mu fahimta ba a lokacin shi ne dalilin da ya sa aka bar shi kwance miƙe kwana biyu, ba filo, ba a ɗaga kan gado ba, alhali wasu da aka yi wa irin aikinsa tun washegari ake tsayar da su. Mun tambaya, aka ce hutawa ce. A kwana na biyar aka sallame shi. Takardar sallamar layi biyar ce: sunan aikin, tramadol, paracetamol, maganin ƙwayoyin cuta, da ranar cire ɗinki bayan kwana 14. Muka zaunar da shi a kujerar gaba muka kamo hanya, Minna, Kontagora, Yauri, Koko, Jega, wuni guda cur a zaune a kan wannan hanya.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kwana biyu da dawowa ciwon kai ya fara, kuma irinsa daban ne. Idan yana kwance lafiya lau yake hira. Da an tashe shi zaune don ya ci abinci, cikin 'yan mintuna sai ya dafe ƙeya, zuciyarsa na tashi, hasken taga na damunsa. A kwantar da shi, ciwon ya lafa. A daren kuma Inna ta lura bandejin ya jiƙe har zanin gado, ruwa fari tas kamar na randa, ba jini, ba wari.

Ga abin da ya kamata a ce an gaya mana tun a asibiti. Jijiyoyin ƙasan baya suna cikin wata jaka ce ta tantani, cike da ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka. Jiki na samar da kusan rabin lita na ruwan nan kowace rana. Wajen kankare ƙashin da ya manne da jakar, musamman a tsofaffi, tana iya ɗan yagewa. Abu ne sananne a aikin baya, yana faruwa a hannun gwanaye ma, likita yakan ɗinke wurin nan take ya sa a kwanta miƙe. In ɗinkin bai riƙe ba, ruwan ya riƙa tsiyaya, ƙwaƙwalwa ta rasa abin da take tafe a kai, shi ne ciwon kan da ke tashi a zaune ya kwanta a kwance. Ruwan rauni na yau da kullum yana da ɗan rawaya ko ja-ja, kullum raguwa yake yi. Wannan kuwa ƙaruwa yake in an zauna, ko an yi tari, ko an yi yunƙuri. Kuma hanyar da ruwa ya fito, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, ƙarshenta sanƙarau.

Mun kira lambar da ke kan takardar. Sau shida ba a ɗauka ba. Da aka ɗauka, wadda ta yi magana ta ce, "Alhaji, ai Kebbi ce, zafi ne, gumi ne ya jiƙa shi. Ku canza bandeji ku ba shi paracetamol." Ba ta tambayi launin ruwan ba, ba ta tambayi ko ciwon kan na canzawa da zama ba, ba ta buɗe fayil ɗinsa ba. Gaskiya ne watan Afrilu ne kuma ana zafi, amma gumi ba ya fitowa daga tsakiyar ɗinki. Wannan amsa ta cinye mana kwana biyu. A cikinsu har mai kemis ɗin unguwa ya kawo maganin maleriya, domin a wurinmu duk ciwon kai maleriya ne ko taifot. Rana ta uku wani kumburi mai laushi kamar ƙwan kaza ya taso a ƙasan ɗinkin.

Sai da muka samu lambar likitan da kansa ta hannun wani. Tambaya biyu ya yi, sannan ya ce a kwantar da shi miƙe yanzu-yanzu, kada a matsa kumburin, kada a shafa komai, a dawo da shi a kwance. A wannan wayar ce muka fara jin cewa jakar ta yage lokacin aiki kuma an ɗinke. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu bai gama hucewa ba. Da an rubuta layi ɗaya a takardar nan, da ba mu zaunar da shi wuni guda a mota ba. Da kuma an haɗa masa maganin laushin bayan gida da tramadol ɗin. Wannan magani yana busar da ciki, Baba ya yi kwana biyar bai zagaya ba, ranar da ya shiga kuwa masan tsuguno ne, ya yi ta yunƙuri. Likitan da kansa ya ce zaman motar da yunƙurin sun isa su buɗe ɗinkin. Babu wanda ya tambaye mu wane irin makewayi ne a gida.

Muka ɗauki motar asibiti haya muka koma. Aka sake buɗe raunin, aka ɗinke yagewar, aka ɗebi ruwa don gwajin ƙwayoyin cuta, aka sa masa allurai ta jijiya, aka kwantar da shi miƙe kwana uku. Alhamdu lillahi, zazzaɓi bai zo ba, wuya bai sanƙare ba, hankalinsa bai gushe ba.

Hakkin ma'aikatan jinyar ɗakin, sai na faɗa: a zaman nan na biyu sun yi abin a yaba. Duk awa biyu mutum uku ke juya shi gaba ɗaya kamar gungume, kafaɗa da ƙugu su tafi tare, filo tsakanin gwiwoyi, dundunniya a ɗage daga katifa. Wata ta ga jan tabo a ƙasan bayansa wanda ba ya yin fari in an danna, ta ce farkon gyambon kwanciya ne, suka hana shi kwanciya a kan wurin har ya washe. Suna duba sukarinsa sau huɗu a rana, domin mai ciwon suga raunin sa ya fi saurin ruɓewa. Kullum allurar hana daskarewar jini a fatar ciki, da safa mai matse ƙafa, suna auna sha-raɓa ko ɗaya ta fi ɗaya kumburi. Da aka cire robar fitsari ya yi awa takwas bai yi ba, mara ta cika, likitan dare ya zo ya duba ko tsakanin cinyoyi da dubura sun mutu, ko ƙarfin ƙafa ya ragu, domin in haka ne jini ne ya taru yana danne jijiyoyi kuma aikin gaggawa ne. Da ya tabbatar ba haka ba ne, aka mayar da robar, aka cire bayan mako guda. A ranakun nan har na fara cewa a raina laifin mutum ɗaya ne mai ɗaukar waya.

Sai aka kawo takardar kuɗi. Ɗakin tiyata sabo, allurar barci sabuwa, gado, har kuɗin buɗe fayil, kamar baƙo ne ya zo. Ba ragin ko sisi. Bel ɗin baya da suka sayar mana tun farko ma ya yi masa girma, yana hawa har haƙarƙari in ya zauna, suka ce ba a mayarwa. Sallama ta biyu kuma ba ta fi ta farko bayani ba sai abin da muka tatsa da tambaya: ba ranƙwafawa, ba murɗa ƙugu, ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 5 har wata uku, ba zaman tabarma, salla a kan kujera, kujerar bahaya maimakon tsuguno, kada a ba shi diclofenac ko ibuprofen ɗin da 'yan dubiya ke kawowa, suna iya jinkirta haɗuwar ƙashin kuma suna taɓa ƙoda, kada mai ɗori ko mai tausa ya taɓa bayan.

Likitan zan iya ba shi wani nawa gobe. Asibitin kuwa a'a, sai in mutum zai zauna a Abuja har a cire ɗinki. Ɗan Kebbi ya fara duba Sakkwato, akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, in wani abu ya taso ta Argungu za a bi, ba ta Kontagora ba.

Yanzu Baba na zuwa masallaci da sanda. Tafin ƙafar hagu har yau ba ya ɗagowa sosai, silifas na suɓuce masa, yana sa takalmin roba mai tallafe idon sawu, ana kai shi gashi sau biyu a mako a nan Birnin Kebbi. Likitan gashin ya nemi cikakken rahoton aikin don ya san iyakar motsin da zai sa shi. Sau uku muna rubuta wa asibitin, har yau ba su turo ba.