Sharhi kan fim ɗin ban tsoro na Meziko, Somos lo que hay

Farkon wannan fim shi ne ya fi tsaya mini a rai. Wani magidanci yana tafe yana tangaɗi a wata katafariyar cibiyar kasuwanci a birnin Meziko, ya tsaya ya ƙura wa mutum-mutumin tallan tufafi ido, sai ya yanke jiki ya faɗi matacce. Kafin ka ce kwabo, ma'aikata sun janye gawar, sun goge wurin, masu sayayya kuma sun ci gaba da harkokinsu.

Jorge Michel Grau ne ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni, aka nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Cannes a 2010. Mamacin mai gyaran agogo ne, ya bar mata da 'ya'ya 3, kuma a hankali mai kallo zai gane cewa naman mutum iyalin suke ci, uban ne kuma yake kawo musu. Daga nan rigimar gida ta taso a kan wanda zai ɗauki nauyin ciyarwa. Babban ɗan, Alfredo, mai rauni ne, ƙaninsa Julián kuwa ga zafin zuciya, yayin da 'yar'uwarsu Sabina take zuga su cikin sanyin murya, uwar kuma tana sauke baƙin cikinta a kansu. Wannan ɓangare ya taɓa ni ƙwarai, domin duk wanda ya ga yadda gida yake rikicewa bayan rasuwar maigida zai gane kallon da suke yi wa juna. Mutanen da iyalin suke farautarsu ma marasa gata ne, yaran titi da mata masu zaman kansu, waɗanda ba a cigiyarsu idan sun ɓace.

Ƙarancin kuɗin shiryawa bai cutar da aikin ba. Gidan duhu ne, cike da agogo masu bugawa ba ƙaƙƙautawa, kuma sautinsu ya fi jinin da aka nuna tayar mini da hankali.

Inda raina bai kwanta ba shi ne batun wasu 'yan sanda biyu da suke bin sawun iyalin, domin barkwancinsu yana kashe tsoron da aka sha wahalar ginawa. Haka kuma tsafin da iyalin suke ta ambato an bar shi a dunƙule har ƙarshe. Ban ba da shawarar a kalle shi inda yara suke ba, kuma mai raunin zuciya ya haƙura da kashin ƙarshe.