Hayar kwantena mai sanyi don ajiye gawarwaki a Jos: tana da amfani, amma da sharaɗi

Idan gawarwaki suka yi wa mutuware yawa bayan haɗarin mota ko rushewar gini, ɗaya daga cikin abubuwan da asibiti kan nema shi ne kwantenar haya mai ƙafa 40. Tana ɗaukar gawa kusan 50, kuma injin waɗanda muka duba yana riƙe sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 4, daidai yadda ake so. Kada a bari ta kai ga ƙanƙara, domin daskarewa na ɓata naman jiki, ta jinkirta binciken likita.

Matsalar ita ce yawanci fanko ake kawo ta, babu kanta a ciki. Sai ma'aikata su shiga jibga gawa kan gawa, fuska ta lotse, 'yan'uwa su kasa gane nasu. Wannan ba ƙaramin ciwo ba ne ga iyalin da ke jiran yi wa mamacinsu sutura. A sa kafinta ko mai walda ya haɗa kantoci tun kafin ranar buƙata, a bar hanya a tsakiya.

Wuta kuma ba abin dogaro ba ce. A rubuta janareto da dizal cikin yarjejeniya, a tabbatar ya dace da injin, a riƙa rubuta ma'aunin sanyi a kai a kai.

Sanyin Jos na rage saurin ruɓewa, amma bai isa ya sa a jinkirta ɗaukar hoton gawa don 'yan'uwa su gane ta ba. Kowace gawa a ba ta lambarta ta daban a kan takardar da ruwa ba ya ci, a ɗaura a jiki da kan jakar da aka saka gawar, kafin a shigar da ita.