Harajin methane a Amurka: a biya ko a soke?

Dokar Rage Hauhawar Farashi ta 2022 ta ɗora wa manyan kamfanonin mai da gas tara kan methane (iskar gas mai ɗumama duniya) da ke tsiyaya daga rijiyoyi da bututu fiye da ƙima: dala 900 kan kowane tan a 2024, da nufin ta kai 1,500 daga 2026.

'Yan Republican suka ce a soke. Hujjarsu, kuɗin zai koma kan talaka ta tsadar makamashi, kuma akwai dokokin hukumar kare muhalli ta EPA tuni. A Fabrairun 2025 majalisun dokokin Amurka biyu suka rushe ƙa'idar aiwatarwa, Trump ya sa hannu a Maris, daga baya aka ɗage tarar zuwa 2034.

Ci gaba da harajin fa? Nan zuciyata take. Methane cikin shekara 20 ya fi carbon dioxide riƙe zafi kusan sau 80. Kuma shi ne gas ɗin da ake sayarwa, don haka kamfanin da ya toshe ɓarakarsa ya tsira daga tara, ya ƙara haja. Mai sakaci kaɗai zai biya. Ɗage tarar ya bar asarar a wuyan mazauna yankunan rijiyoyi kamar Permian a Texas, masu shaƙar gurɓatacciyar iskar.