Seshan ɗaya ko kowane zare da nasa? Kafin ka zaɓa a SQLAlchemy

Duk wanda ya taɓa haɗa manhajar Python mai zare (thread, wato layin aiki da ke gudana tare da wasu a lokaci guda) da yawa ya san seshan ɗin SQLAlchemy, kayan aikin da ke haɗa Python da rumbun bayanai, ba a yi shi don a raba ba. Yana riƙe da abubuwan da ka ɗauko daga rumbun bayanai da canje-canjen da ba ka adana ba tukuna, to in zare biyu suka sa hannu a ciki, ɗaya ya yi commit (adanawa) ya tafi da rabin aikin ɗan'uwansa, ko ya yi rollback (soke canje-canje) ya share masa komai. Hanya uku ce a gabanka.

Ta farko, seshan ɗaya da kwaɗo a kansa, kowa ya jira layi. Wallahi ban ga amfaninta ba, in kowa zai jira to meye na zare da yawa tun farko?

Ta biyu scoped_session, wadda ke ba kowane zare nasa seshan ta hanyar threading.local, ma'ajiyar da Python ke keɓe wa kowane zare. Daɗin rubutu gare ta, ka kira daga ko'ina a kod ɗinka ba sai kana miƙa seshan hannu da hannu ba. Amma fa sai ka tuna kiran remove() bayan kowane aiki, don zaren da ke cikin ThreadPoolExecutor, mai raba wa zare ayyuka, ba mutuwa yake ba, sake amfani da shi ake, sai aiki na gaba ya gaji tarkacen na baya, konekshan ɗin da ya haɗa ka da rumbun bayanai kuma ya maƙale. Tsarin asali na SQLAlchemy konekshan 5 ne da ƙarin 10, in suka ƙare sai a jira sakan 30 sannan TimeoutError ya faɗo maka. Kuma in asyncio, tsarin Python na gudanar da ayyuka bi da bi ba tare da ƙarin zare ba, kake amfani da shi wannan ba za ta yi ba sam, don ayyuka da yawa zare ɗaya suke hawa, can sai AsyncSession, kowane aiki da nasa.

Ni ta uku nake ɗauka: injin (mai riƙe da konekshan) ɗaya da sessionmaker (mai ƙera seshan) ɗaya ga manhaja duka, waɗannan ba matsala a raba su, sannan kowane aiki ya buɗe seshan da with ya rufe da kansa. Rubutun ya ɗan fi yawa, e, amma kana ganin inda ya fara da inda ya ƙare. Kar dai ka miƙa wa wani zare abin da ka ɗauko, ba shi lambar id kawai ya ɗauko da nasa seshan.

Masu rumbun bayanai na PostgreSQL ku lissafa kafin ku ƙara ma'aikata, wato kwafin manhajar da ke gudana kowanne da nasa injin, iyakar asali konekshan 100 ne, ma'aikata bakwai kowanne da 15 (5 ɗin nan da ƙarin 10) kun riga kun wuce.